Ba Dodo Ne Ya Cire Wutsiyar Ladan Ba

Ƙofar Taramniya,
Sakkwato.

Zuwa ga ƙanwata Wasila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa mai yawa gare ki, da maigidanki Dokta Zulkifilu, da ɗiyarmu Balkisu, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa muku zaman Alƙahira, Ya kuma ba Dokta sa'ar karatun da ya kai ku can. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma fitowa tsakar gida tana yi wa maiɗakina Dijatu faɗan gishiri a miya, abin da ya tabbatar mana ta warke. Ɗiyata Ummukulthum ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Saifullah. Zafi kuwa sai dai mu ce Allah Ya kawo ruwa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ba mu kwana uku ba mu yi waya ba. To, maganar ce bakina ya ƙi faɗa. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Magana ce a kan 'yan dabbobin nan biyu da Balkisu ta bar mini amana, Dodo da Ladan, waɗanda Dokta ke kira degu, ni kuwa nake ce musu ɓerayen 'yan boko. Kin tuna ranar da aka kawo kejinsu gidan nan, Dokta ya miƙo mini takarda shafi huɗu da ya rubuta a kan yadda ake kula da su? Kin kuma tuna abin da na ce. Na ce ni Abdulshakur da na yi shekara talatin ina kiwon raguna da tantabaru, ba surukina ba ne zai koya mini kiwon ɓera. Kowa ya yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Shafin farko kawai na duba, inda ya ce kada a ba su dabino ko wani abu mai zaƙi, kuma kada zafi ya taɓa su. Sauran na cusa a aljihun tebur.

Gaskiya wata biyar babu abin da ya same su. Na ajiye su a ɗakin karatuna mai fanka, na sa musu 'yar randa a cikin kejin, su kwanta su jingina da ita suna shan sanyi. Har na saba da kukan Ladan na asuba, wanda ya sa Balkisu ta ba shi wannan suna. Ba zan ɓoye miki ba, sun shiga raina, ko da yake ban yarda Dijatu ta gane ba.

Ranar wata Talata ina share kejin, Ladan ya sulale ya nufi madafi, bai zarce ko'ina ba sai cikin kwanon miyar da Dijatu ta ajiye a ƙasa. Ya fito jage-jage da manja. Ni da tsabtata, sai na ɗebo ruwan ɗumi na wanke shi da sabulu tas, da na ji har yanzu yana ƙarnin daddawa na ɗan shafa masa turaren da nake sawa ranar Juma'a. Na sa shi a kwali shi kaɗai kwana biyu don ya bushe ya huta. Kwanon yashin nan da suke birgima a ciki kuwa, na ga ya yi datti, na zubar, na wanke kwanon na kife. A zuciyata na yi aikin kirki.

Ranar Alhamis da hantsi na mayar da shi wurin ɗan'uwansa. Wasila, ban taɓa ganin irin wannan ba. Dodo ya shinshine shi sau ɗaya, ya soma kaɗa wutsiya yana haɗa haƙora, kafin in ƙifta ido sun dunƙule wuri ɗaya suna birgima suna ƙara, gashi na tashi. Da raguna ne, na san abin yi: ka kama ɗaya ta baya ka ja. Abin da hannuna ya yi ke nan tun kafin kaina ya yi tunani. Na cafko wutsiyar Ladan na ɗaga shi sama. Sai na ji hannuna ya yi sako-sako. Ladan ya faɗi ya ruga bayan randa, ni kuwa aka bar ni tsaye da fatar wutsiyarsa a tsakanin yatsuna, har da ɗan tuntun gashin nan na ƙarshenta da Balkisu take so. Fatar ta zare ne kamar safa. Abin da ya rage a jikinsa ɗan siririn ƙashi ne ja yana ɗigar jini. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Da a nan abin ya tsaya, da tsautsayi ne, da na faɗa miki a waya tun ranar. Abin kunyar yana gaba. Na naɗe fatar a takarda na binne a gindin dalbejiya, na sa Ladan a kwali na kai shi wurin wata likitar dabbobi a Sama Road. Da ta tambaye ni abin da ya faru, sai na ji bakina ya ce ɗan'uwansa ne ya cije shi. Yarinya ce, ba ta girmi Ummukulthum ba. Ta dubi wutsiyar, ta dube ni, ba ta ƙaryata ni ba. Ta dai ce cikin ladabi, ko da yaushe Baba ya kiyaye, ba a kama irin waɗannan ta wutsiya, don Allah Ya halicce su ne fatar na zarewa idan wani abu ya cafke su, kuma ba ta sake tsirowa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta yi masa allura, ta yanke ƙashin da ya fito, ta ɗinke, ta ba ni maganin da zan riƙa ɗiga masa a baki. Da na ba ta labarin wanka da turare, sai ta ce ai da ƙamshi suke gane juna, yashin nan da na zubar shi ne yake haɗa musu ƙamshi ɗaya. Wato ni na mayar da Ladan baƙo a gidansu, Dodo kuwa gidansa yake karewa.

Da na dawo na buɗe aljihun tebur. Duk abin da ta faɗa yana shafi na biyu da na uku, da rubutun Dokta, har ya ja layi biyu a ƙarƙashin maganar wutsiya. Ya ma rubuta cewa in sun yi faɗa a jefa musu tawul ko a sa kwali a tsakaninsu.

Duk da haka ban daddara ba. Ranar Asabar da kuka kira a bidiyo Balkisu ta ce a nuna mata su, ta ga Ladan da guntun wutsiya ta fashe da kuka, ta tambaye ni wa ya yi masa haka. Kina zaune a gefenta, kin ji amsar da na ba ta, na ce Dodo ne. Kin kuma ji abin da ta ce, wai ta tsani Dodo, mugu ne, Kawu ya kai shi can nesa ya bayar, kada ta dawo ta same shi. Jiya kuma ta aiko mini da saƙon murya tana tambaya ko na bayar da shi. Na saurari saƙon ina zaune gaban kejin, Dodo na tsaye da ƙafa biyu yana jiran in ba shi ciyawa. Shekara ashirin da takwas ina koyar da yara a makaranta cewa ƙazafi babban zunubi ne, sai ga ni da furfurata na yi shi ga dabbar da ba ta da bakin kare kanta. Dijatu ta ce tun ranar ta gane, don ta ga ina tona gindin dalbejiya, jira kawai take ta ga yaushe zan ji kunyar Allah.

Game da lafiyarsu, ki kwantar da hankalin Dokta. Ciwon Ladan ya kama hanyar warkewa, babu kumburi, babu wari, yana cin abinci. Na raba kejin biyu da ragar waya yadda likitar ta ce, kowace safiya ina musanya musu ɓangare, kwanon yashi ɗaya nake zagayawa da shi tsakaninsu, kuma ban sake zubarwa ba. Kwana ukun farko Dodo na cizon ragar. Yau kwana tara, bayan azahar na shigo na same su kwance, kowa a ɓangarensa, sun jingina da juna ta jikin ragar. Likitar ta ce kada in yi gaggawar cire ta, kuma wannan karon ina jin magana. Ladan dai har yanzu in ya ga hannuna sai ya gudu bayan randa, kuma yana da gaskiya.

Roƙona gare ki, kada ki taƙaita mata wannan takarda, kada kuma ki gyara don ki rufa mini asiri, na san halinki. Ki zaunar da ita ki karanta mata yadda take. Ki ba Dokta haƙuri, ki ce masa na karanta shafi huɗun nan har na kusa haddacewa. In Balkisu ta ce a ɗauke su daga hannuna a kai gidan ɗan'uwanmu Sa'ad, ba zan yi musu ba, amanarta ce. In ta yi fushi da ni ta ƙi karɓar wayata, ki ƙyale ta, kada ki tilasta mata.

Inna na gaishe ku tana sa muku albarka. Dijatu, da Ummukulthum da jaririnta, da Sa'ad da iyalinsa, da Gwaggo Na'ima ta Kwalkwalawa, duk sun ce a gaishe ku.

Balkisu, ɗiyata, wannan layin naki ne. Dodo yana nan, ban bayar da shi ba, kuma ba zan bayar ba. Bai taɓa wutsiyar ɗan'uwansa ba. Hannun Kawu ne ya cire ta, bakin Kawu ne kuma ya yi miki ƙarya. Ki yafe wa Dodo yau, don bai yi komai ba. Ni kuwa zan jira.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Abdulshakur