Iccen Wankan Talatu

Karakkai, 3 ga Fabrairu, 1956

Zuwa ga ɗiyata Talatu,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Malam Yusha'u da abin da ke jikinki. Mas'udu ke rubuta mini. Bayan haka, na gama tara iccen wankan jegonki, ya kai tsayin danga. Tukunya ma na sayo a Bungudu. Yaushe za a kawo ki goyon ciki? Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta.

Innarki, Hanatu.

Gusau, 19 ga Fabrairu

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na rasa ta inda zan fara. Zuwan da kika yi lokacin kaka, uwar Malam ta ga baƙin tabon nan na bayan hannuwanki da gefen goshinki. Ta ce haka kuturta ta fara wa ƙanenta, ta rantse jikanta ba zai sauka a hannunki ba. Na yi kuka har na gaji. Don Allah ki je Tsafe inda ake duba masu ita, ki aiko da takarda.

Ki yafe mini. Talatu.

Karakkai, 8 ga Maris

Talatu,

Ina gaisuwa. Na je Tsafe. Motar ta ratsa ta Gusau, ban sauka ba. Wata Malama Rifkatu ta ce in rufe ido, ta riƙa taɓa tabon da auduga, ni kuma ina nuna wurin. Duk na nuna. Ta ce mai kuturta ba ya jin audugar, nawa rana ce da tsufa. Na ce to, shekara arba'in ina duƙe a gona, da mi za ta bar ni? Ga takardar nan. Ban yi murna ba, ban kuma ji haushi ba. Icce yana nan.

Allah ya raba lafiya. Innarki.

Karakkai, 27 ga Maris

Talatu,

Barka da sauka, Allah ya raya. An ce takardar ta iso kina kan gwiwa, kuma uwar Malam ta ce in zo suna amma kada in ɗauki yaron. Ba zan iya zuwa ba. Hasana maƙwabciyarmu ta haihu, ba ta da uwa. Na ba ta iccen, ni ke yi mata wankan safe da yamma. Ba wanda ya dubi hannuna.

Ki riƙa shan kunun kanwa da zafinsa.

Innarki, Hanatu.