Ka Janye Maganarka a Kan Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Idon Kawu ya yi sauƙi, har ya koma ganin laifin kowa. Kasuwa tana nan yadda ka san ta, masu gwada takalmi sun fi masu saye. Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Maganar Auta ce. Inna ta kai maka ƙarar likitar gashin ƙashi, cewa ta kwantar da 'yarta a ƙasa ta hana kowa taɓa ta, kai kuma daga can ka yanke hukunci a daina zuwa. Inna ba ta yi ƙarya ba, rabi dai ta ba ka. Ina wurin ranar. Ɗaki ne mai dogayen ƙarafa biyu da ake tafiya a tsakaninsu, da babban madubi, da katifar roba a ƙasa. Likitar ta ce ciwon nan yana cin rigar jijiyoyi ne kamar yadda ɓera ke cin wayar lantarki, sai saƙon da kai ya aika wa ƙafa ya iso a makare, wani lokacin ma bai iso ba. Ta ce ita ba ta sayar da waraka, abin da ya rage take so a riƙe. Ni da na tsufa cikin masu rantsuwa a kan kaya, da na ji mutum ya faɗi aibin hajarsa da bakinsa sai na gyara zama. Ta ce faɗuwa kam Auta za ta faɗi, don haka gara ta koyi tashi. Ta nuna mata yadda za ta mirgina gefe, ta hau gwiwa da hannu, ta rarrafa zuwa kujera. Auta na cikin yi tana haki, Inna ta ture ni ta ɗago ta, tana cewa ba ta haifi 'ya don a mai da ita abin kallo ba. Ba a kai ga koyon miƙewa ba aka watse.

Tun daga nan Inna ta tare a gidan, tunda mijin Auta kullum yana hanya da babbar mota. Ruwa a miƙo mata, banɗaki a riƙe ta, ko ɗankwali ya faɗi Inna ta riga ta sunkuyawa. Auta da take bin bango ta kai kicin, yanzu daga gado zuwa ƙofa sai ta rataya a kafaɗar tsohuwa. Ƙafar hagu ja take yi, ta cinye bakin silifas ɗin da na ba ta. Na yi wa Inna magana, ta ce ai Yayanku ya gama magana.

Ranar da nake so ka ji, da rana ne, ana zafi, ka kuwa san zafi yana kashe mata ƙafafu. Inna ta sauka sayen sabulu, ta bar ƙofa a buɗe don iska. Gidan a sama yake, bene na bakin ƙofar. Uwar Ɓarna, 'yar Auta da ta fara tafiya kwanan nan, ta nufi ƙofar. Auta ta yunƙura ta bi ta, ƙafa ta ƙi, ta zube a falo. Ta ce min ta yi kira har muryarta ta dushe, ba wanda ya ji. Sai ta mirgina gefe, ta hau gwiwa, ta rarrafa, ta cafko rigar yarinyar a matakalar farko. Daga nan kuma iliminta ya ƙare. Haka na zo kawo musu cefane na tarar da su, tana kwance a bakin bene, yarinya na tsala kuka a ƙirjinta, zanenta a jiƙe don ba ta iya riƙe fitsari ba. Ba ta yi kuka ba, Yaya. Cewa ta yi in canza mata zane kafin Inna ta hau, kada a ce laifin tsohuwa ne.

To ni dai ka san hali. Na ce wa Inna kaɗaici ne ke damun Auta, zan riƙa ɗaukarta shago ta tsare min kaya. Mai keke yana sauke mu asibiti. Likitar ta duba ta, ta ce zaman da aka yi ya ci ƙarfin cinyoyin, ba ta kuma yi alkawarin duk zai dawo ba. Yanzu ana koyon dafa kujera a kafa ƙafar dama a miƙe. Har yau ba ta miƙe ba. Ni kuma ina tsaye a gefe na harɗe hannuwa a baya, don in na sake su zan yi abin da Inna ta yi.

Ƙaryata ta kusa ƙarewa. Jiya Inna ta ga gwiwoyin Auta sun yi baƙi, ta tambaye ni wane irin shago ne ake tsaronsa da rarrafe. Na ce takalman yara a ƙasa suke. Ta dube ni, ta sake duban gwiwoyin. In ta tabbatar, kulle ƙofa za ta yi, da sunanka kuma za ta kulle ta. Don Allah ka kira ta da kanka ka janye maganarka. Kada ka ba ta labarin bene, Auta ta roƙe ni kada Inna ta ji. Ka ce ka yi tunani ne kawai, tunda naka tunanin ake saye a gidan nan. Mijin Auta ya yarda, amma ba shi da bakin yi wa suruka gardama. Kada ka bari sai ka zo hutu. Likitar ta ce ƙafar ba za ta jira kowa ba.

Kawu da Goggo suna gaishe ka. Ka gaida min maiɗakinka da Babban Yaro da takwarata. Auta ma tana gaisuwa. Ba ta san na rubuto ba, ta ce kai ne kaɗai har yanzu kake tuna ta a tsaye.

Wassalam,
Ƙanwarka mai takalma.