Bencin Caji a Ƙofar Ɗakin Haihuwa

Litinin, 5 ga Mayu

Huɗu. Mata huɗu kacal suka zo awo a sabon asibitinmu cikin wata takwas, haihuwa kuwa ko ɗaya. Da ungozoma ta faɗa min a waya sai da na ce ta maimaita. Innalillahi.

Ni ce fa shugabar sashen lafiya ta ƙaramar hukuma. Ni na yi shekara biyu ina zarya tsakanin ofishin Ciyaman da ƙungiyar agaji da 'yan kasuwar unguwa har ginin nan ya tsaya. Hukuma ta ba da fili da albashi, ƙungiya ta kawo gadaje da sola da firij na allura, 'yan kasuwa suka ɗauki siminti da leburori. Ranar buɗewa har hawaye na yi a gaban jama'a, ni da ba na kuka ko a gidan rasuwa.

Talata, 6 ga Mayu

Mai Tabarau, wakiliyar ƙungiyar, ta zo ofis. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta taɓa ɗagawa. Idan ƙarshen Yuni ya yi ɗakin haihuwa yana nan fayau, za su kwashe kayan su kai wata unguwar, ungozoma ma a bi da ita. "Hajiya, kayan nan ba na ado ba ne." Ciyaman ya juyo yana kallona kamar ni na hana matan unguwa ɗaukar ciki.

Alhamis, 8 ga Mayu

Mun yi taro a sashe. Kowa ya yarda jahilci ne, ni ce ma na fara faɗa. An kawo musu abu har ƙofar gida sun ƙi, to me za a kira wannan? Na sa a fitar da motar shela kwana uku.

Asabar, 10 ga Mayu

Na leƙa asibitin, raina ya ɗan yi sanyi. Baranda cike take da mutane. Bencin cajin nan da na sa aka yi, dabarata ce tun a takarda: tunda sola tana ba da wuta fiye da buƙata, a ja soket ashirin zuwa ƙofar gaba, kowa ya yi cajin waya kyauta, jama'a su saba da wurin. Kuma sun saba! 'Yan acaba, tsofaffin ma'aikata, teloli, har mai shayi ya kafa tebur a gefe. Duk suka miƙe, ranki ya daɗe, ranki ya daɗe.

Na ce wa ungozoma, kin gani, mutane suna son wurin. Ta sunkuyar da kai tana gyara almakashin da babu abin da ya same shi. Inna mai shara ta matso kamar za ta yi magana, sai wayata ta yi ƙara.

Laraba, 14 ga Mayu

Kwana uku ana shela. Tsohuwa ɗaya ta zo a auna mata jini.

Lahadi, 18 ga Mayu



Na je duba Auta, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanta bayan katangar asibitin yake, in ka yi tari a ɗakin haihuwa za ta ji. Cikinta ya shiga wata tara. Ni duk zatona tana cikin huɗun nan. Ina zaune a falo sai idona ya faɗa kan katin awo a saman talabijin. Na tsohon asibiti ne, na can ƙetaren gari, mota biyu ake hawa kafin a kai.

Na ce mene ne wannan? Ta ce, "Yaya, don Allah ki bar maganar." Ai kuwa ban bari ba. Na ce ke da kika yi makaranta, ke da kika san wahalar da na sha, ashe da ke ake haɗa baki a kunyata ni. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Tana kuka na fito, ruwan da ta kawo min ko taɓa shi ban yi ba.

Idan jinina ya ƙi asibitina, wa zan zarga?

Alhamis, 22 ga Mayu

Auta ta haihu a cikin keke.

A cikin keke mai ƙafa uku, a kan titi, da rana tsaka. Naƙuda ta kama ta wajen sha ɗaya, mijin yana wurin aiki. Maƙwabciyarta ta tare mai keke. Sun bi ta gaban asibitinmu, ta gabansa wallahi, mai keken har ya rage gudu, ita ta ce ya wuce. A shataletale cunkoso ya tsare su. Maƙwabciyar ta kwance zanenta ta kare su, a nan yarinya ta faɗo. Jini ya ɓalle mata, sai da aka ƙara mata leda biyu.

Suna raye, ita da 'yar. Na rubuta don in gani da idona: suna raye.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na zauna a bakin gadonta a tsohon asibiti. Fuskarta ta yi fari fat. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara.

"Yaya, kin taɓa shiga asibitin nan ba da direba ba?"

Sau ɗaya ta je, cikin yana wata biyu, ko mijinta ba ta gaya wa ba tukuna, tana so ta tabbatar. A kan bencin akwai ƙanin surukinta, da mai gidan da suke haya, da abokan mijin su uku. Tagar yankan kati kuma a barandar take, akwai gilashi tsakani, dole mai katin ya ɗaga murya. Sunanki? Matar wa? Yaushe rabonki da ganin wata? Kafin ta isa gida surukarta ta bugo waya tana yi mata barka.

"Jiya kuma zanena a jiƙe, ina nishi, in ratsa ta tsakiyarsu? Na gwammace titi."

Na yi ta gyara mata filo.

Asabar, 24 ga Mayu

Bencina ne. Da birona na zana shi.

Litinin, 26 ga Mayu

Na sallami direba. Na ari tsohon mayafin mai aikina, na ja shi har hanci, na taka da ƙafa kamar kowa.

Maza ashirin da uku na ƙirga. Ina dosowa hira ta tsaya cak. Babu wanda ya faɗi mummunar magana, in ba su haƙƙinsu, har janye ƙafafu suka yi in wuce. Amma idanun nan! Na ji wani ya ce ƙasa-ƙasa, matar waye? Ni mai shekara hamsin da ɗaya, mai jika biyu, ba ciki ba komai, sai da ƙafata ta harɗe a kan matakala. Taku goma ne daga titi zuwa ƙofa, na ji kamar ba za su ƙare ba.

A ciki Inna mai shara ta gane ni ta takalmi. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce tun ana aza tubali ta san haka za a yi, matan layinsu duk sun sani. Na ce to me ya hana ku faɗa? Ta jingine tsintsiya ta ce, "A ina, ranki ya daɗe?"

A ina kuwa. Na dawo ofis na buɗe fayil ɗin taron jin ra'ayin jama'a. A zauren hukuma muka yi shi, ƙarfe goma na safe, lokacin da kowace mace take kan murhu ko kan sana'a. Mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu. A layin da aka rubuta "wakilcin mata" akwai suna ɗaya, kuma nawa ne. Ni da haihuwata duka a asibitin kuɗi na yi, mota tana ajiye ni a bakin ƙofa.

Kuma ni ce mai kiran mutane jahilai.

Laraba, 28 ga Mayu

Na shiga wurin Ciyaman da zafina, na tarar da shi tare da shugaban 'yan kasuwa da injiniyan hukuma da Mai Tabarau, na ce a cire bencin yau ɗin nan. Ya ce in cire in gani, mutum ashirin da uku kowa da iyalinsa da ƙuri'arsa. Shugaban 'yan kasuwa ma ya ce a kan alkawarin cajin nan suka ba da siminti, kuma don mutanen suna zama ne ɓarayi ba su taɓa solar ba. Haushi ya kama ni don gaskiya ya faɗa.

Da ma na taho da Inna, tana tsaye a bakin ƙofa, sakatare yana ta harararta. Na ce ta shigo ta zauna. Ta zauna a gefen kujera kamar za ta ƙone ta. Ta ce a bar maza da bencinsu, a fasa katangar baya. Akwai lungun da mata suke bi zuwa famfo, duk wadda aka gani a can za a ce ruwa ta je ɗiba. Teburin kati kuma a shigar da shi ciki.

Injiniya ya fara cewa sai an sa a kasafin baɗi. Shugaban 'yan kasuwa ya katse shi, yana kallon ƙasa, ya ce ashe shi ya sa matar ɗansa take ƙetare gari, shi da yake zama a bencin kullum bayan la'asar. "A ba ni izini a rubuce, magini nawa ne." Ciyaman ya sa hannu a tsaye. Mai Tabarau ta ce za ta roƙa mana zuwa ƙarshen Agusta, ba ta yi alkawari ba.

Shekara biyu ina taro da masu digiri. Ita minti biyu.

Talata, 3 ga Yuni

An fasa katangar, an buɗe ƙofa. Ƙura har cikin firij, ungozoma tana ta mita.

Laraba, 11 ga Yuni

Sha tara suka zo awo yau. Na ce wa ungozoma ta sake ƙirgawa. Wasu da bokitinsu suka shigo.

Auta tana amsa gaisuwata a waya, iyakarta ke nan.

Alhamis, 19 ga Yuni

Haihuwar farko a asibitinmu, namiji. Mazan baranda ba su san an yi ba sai da suka ji kuka.

Alhamis, 3 ga Yuli

An ba mu har Agusta, kuma Mai Tabarau ta ce in aka ci gaba a haka babu mai taɓa ko cokali.

Na je duba fentin sabuwar ƙofa, shi kaɗai ya kai ni. Sai na ga akwai wuri a tabarmar da mata suke jira, ƙafata kuma tana ciwo, na zauna. Ban san awa biyu ta wuce ba. Auta ta shigo da 'yar za a yi mata allura. Ta gan ni, ta tsaya, ta ce, "Yaya, me kike yi a ƙasa?" Na ce fenti. Ta ɗora min yarinyar a cinya, ta tafi karɓar kati.

Wata mai tsohon ciki a gefena, ba ta san ko ni wace ce ba, ta ce wanda ya yi ƙofar nan bai taɓa riƙo mai naƙuda ba, mutum biyu ba sa wucewa a jere. Na ji bayanin ma'auni ya taso min har maƙogwaro, daidai yake da ƙa'ida, ni na duba.

Na haɗiye. Na gyara wa 'yar Auta hula, na ce wa matar, sai me kuma?