Yabon da Na Yi wa Tajuddeen

Sri Petaling, Kuala Lumpur,
10 ga Maris, 2016.

Ɗalibina Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya Inna da jikin Baba? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Ka tambaye ni yadda ake koyon rubuta labarin wasanni. Karanta rubutun 'yan jaridar Amurka masu bin ƙungiya ɗaya ta wasan ƙwallon besbol shekara da shekaru. Al'adarsu ita ce, duk wanda suka yi rubutu a kansa, washegari su je inda zai gan su.

Ni kaina yau kwana shida na kasa yin haka. A rahoton gasar ƙwallon ƙafa ta ɗalibanmu na nan na yabi golanmu Tajuddeen, na ce wata biyu bai taɓa fashin atisaye ba. Wani ya tura rahoton ga shugaban kwalejin da yake wa aiki a gida, ana tsaka da duba takardarsa ta neman ƙarin shekara ta hutun karatu. Amsar da ta zo ita ce, "Karatu muka tura shi ko ƙwallo?" Babi biyu suka rage masa a kundin bincikensa.

Kada ka damu, ba wanda ya zage ni. Sai dai in na shiga wurin shan shayi, hira ta tsaya. Matarsa kuwa ta ce wa tawa, "Malam ya iya yabo."

Ranar Litinin za su yanke hukunci, ka taya shi da addu'a. Na rubuta takardar bayani zuwa ga shugaban kwalejin, amma ba zan aika ba sai Tajuddeen ya karanta. Bayan la'asar zan je gidansa. Ban sani ba ko zai buɗe mini.

Ka gaida kowa. Allah ya yi maka albarka.

Malaminka,
Abdurrahim