Kujerar Jikin Bango

Zuwa ga Malam Gambo, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Don Allah Malam ka taimake ni da shawara, kuma da wuri, domin jarrabawar da zan maimaita tana nan tafe bayan Babbar Salla, in kuwa na sake faɗuwa korata za a yi daga makaranta. Ka yi haƙuri da tsawon takardar. Ban saba faɗin wannan magana ba, shi ya sa ban san inda ake yanke ta ba. Sunayen da za ka gani duk na sauya su.

Ni tsohon soja ne, haifaffen cikin garin Sakkwato. Na shiga soja ina saurayi lokacin yaƙin basasa, na fito da igiya biyu, wato kofur. Da aka sallame mu, abokaina kowa ya bi inda kuɗi ke gudu, wannan kwangilar siminti, wancan tipar yashi. Ni na ce karatu zan koma. Dariyar da ba a yi mani ba kaɗan ce, amma na dage har na ci jarrabawar shiga. Yanzu ina shekarar farko a babbar makaranta, ina karanta tarihi tare da yaran da ke kirana Baban Aji. Ba na jin haushi, ai na girme su. Burina in zama malami.

Matsalata ita ce ba na iya zama in juya wa ƙofa baya. A wajen yaƙi akwai ranar da muka sauka a wata makarantar firamare da mutanen garin suka gudu suka bari. Rana tsaka ce, muna zaune kan bencin yara muna shan garin rogo, muna fuskantar allo. Lissafin da malaminsu ya rubuta yana nan ba a goge ba, abokina Jibrin yana yi mani tsiya wai in na isa in faɗi amsar. Ta ƙofar da ke bayanmu aka shigo mana. Ni na fito da raina, Jibrin bai fito ba. Iyakar abin da zan iya faɗi ke nan, kuma ko mahaifina ban taɓa gaya wa ba.

Tun daga nan, duk ɗakin da na shiga sai na nemi bango na jingina, idona na kan ƙofa. In ba haka ba zuciyata ta dinga bugawa ke nan, zufa na keto mani. Har a masallacin ƙofar gidanmu, inda Baba ke limanci, wurina ƙarshen sahu ne jikin bango. Wata rana wani baƙo ya riga ni tsayawa a wurin, Baba ya juyo kafin ya yi kabbara, ya yi wa mutumin nuni da hannu ya matsa. Na tsaya a wurina, ya ta da salla.

A ajin lakca da sauƙi, nakan yi sammako in kama kujerar kusurwa. A laburare ne kaɗai nake da abokin gaba, wani dogo mai suna Tambari, sa'ana ne a shekaru, shi ma kujerar kusurwar yake so kamar gadon ubansa. Mun taɓa yin cacar baki a kanta har aka ce mu fita waje. Tun ranar ko gaisawa ba ma yi.

To, sai ga jarrabawa. Ashe a can ba mutum ke zaɓen wuri ba, lamba ake manna wa kowane tebur. Tawa ta faɗo tsakiyar zaure, ga allo a gabana, ga ƙofofi a bayana, ga mai tsaron jarrabawa yana kai da kawowa ta bayanmu da takalmi ƙwas ƙwas. Na daure na rubuta shafi guda. Sai iska ta buga ƙofa. Wallahi Malam ban san lokacin da na tashi ba, na dai tsinci kaina a waje ƙarƙashin darbejiya, biro a hannuna. Abin da ya fi ƙona mani rai, na san amsoshin nan sarai. Haka aka yi ta yi har aka gama, na faɗi darussan da na fi kowa iyawa.

Na je wurin jami'in jarrabawa na roƙi a sauya mani wuri, ban faɗi dalili ba. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce masu neman kujerar baya an san abin da suke nema, kuma doka ba ta sauyawa sai da takardar likita. Ni da furfura ta fara fito mani, aka yi mani kallon mai satar amsa. Na haɗiye na fito.

Da na gaya wa Baba ina so in ga likita saboda firgitar da nake yi, ya ce sam. Ƙanwata Lailatu ake nema da aure, masu neman mutanen Ƙofar Marke ne, kuma yanzu haka danginsu na cikin binciken asalinmu. Ya ce muddin aka gan ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, gobe za a ce akwai taɓin hankali a gidanmu, auren ya watse, har ƙannenta abin ya shafa. Ya ce in ci gaba da shan rubutun da yake yi mani. Ina sha, kuma ina jin sanyinsa a raina, amma ba ya hana ni firgita. A makaranta kuma ba wanda ya san na taɓa sa kaki, domin yadda ɗalibai ke zagin soja a kwanakin nan, gara mutum ya ja bakinsa.

Malam, ba na so in saɓa wa Baba, ba na so in zama sanadin hawayen Lailatu. Amma karatun nan ba zan bar shi ba, ko za a yi me. Na bar Jibrin a cikin aji, ina so in koma aji da alli a hannuna. Ta ina zan bi?

Naka,
Tsohon Kofur, Sakkwato.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Kofur. Allah ya jiƙan Jibrin, ya sa ya huta.

Bari in fara da abin da ya fi ci maka rai. Kai ba mahaukaci ba ne. Mutumin da ya rubuto takarda tsaf irin wannan hankalinsa na jikinsa. Rauni ka kwaso daga yaƙi, sai dai naka ba ya jini, shi ya sa ba wanda ya ɗaure maka shi. Likitoci sun san shi, sun gan shi ga sojoji da yawa, kuma ana samun sauƙinsa.

Tsoron mahaifinka ba na banza ba ne, kada ka raina shi. Mun san masu binciken aure, abin da bai kai ya kawo ba sukan mai da shi tambarin zuri'a. Amma shi ma akwai inda bai hango ba. In aka kore ka, ka dawo gida ka zauna jikin bango ba aiki, kana jin mutanen Ƙofar Marke ba za su tambayi dalili ba? Ɓoyon da ake yi don a tsare Lailatu shi zai fi jawo mata surutu.

Ga yadda nake gani. Ba sai ka nufi asibitin masu taɓin hankali ba. Asibitin makarantarku za ka, inda mai zazzaɓi da mai ciwon haƙori ke bin layi ɗaya, ba wanda ya san abin da ya kawo wani. In ka shiga ka gaya wa likita komai, kamar yadda ka gaya mani. Riƙe sirri aikinsa ne. Ka roƙe shi takardar ta tsaya kan buƙatarka kawai, wato kujera jikin bango mai kallon ƙofa. In ya ce ka riƙa dawowa kuna tattaunawa, ko ya tura ka wurin wanda ya fi shi sani, ka bi, domin kujera jarrabawa kaɗai za ta gyara, kai kuwa lafiya muke nema maka. Takardar kuma shugaban sashenku za ka kai wa da kanka, a makon nan, ba ana gobe jarrabawa ba. Ka ce masa a laluba aljihunka, a sa mai tsaro kusa da kai in ana so. Jami'in can da ya yi maka kallon banza bai kyauta ba, amma ka tuna ba ka ba shi dalili ba. Rubutun Baba kuwa ka ci gaba da sha, ba ya faɗa da likita.

Sai abokin gabarka Tambari. Kofur, ka ba ni dariya. Namiji sa'anka, a cikin yara, yana faɗa kan kujerar kusurwa, kuma ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa ba? Ba ni da tabbas, amma ka yi masa sallama, ka tambaye shi inda yake lokacin yaƙi. In hasashena ya yi daidai, ba ku biyu ba ne kaɗai a makarantar. Ku nemi juna, ku riƙa zama ko da shayi ne kuna magana. Abin da mutum ɗaya zai roƙa a ce rigima ce, in kun je tare hukumar makaranta za ta saurara, har waɗanda za su zo bayanku su amfana.

Amma kafin duk wannan, kada ka zagaye mahaifinka. Ka same shi shi kaɗai, ka ba shi labarin Jibrin tun daga allon har ƙofar. Firgita kawai ka ce masa, bai san abin da ka gani ba. Kuma ka sake karanta takardarka. Limamin da ya juyo kafin kabbara ya matsar da baƙo saboda ɗansa, ai ya daɗe da sanin akwai ciwo, tambaya ce yake jin nauyin yi. Ka ce masa ba wani abu kake nema a makaranta ba, illa abin da shi ya riga ya ba ka a masallaci, wuri a ƙarshen sahu. Ban ga yadda zai hana ka ba.

Allah ya ba ka lafiya da sa'ar jarrabawa, ya sanya albarka a auren Lailatu. Ranar da ka tsaya gaban aji da alli a hannunka, ka lura da wani abu: malami allo yake ba baya, ƙofa kuwa tana gaban idonsa.

Malam Gambo.