Na Tafi da Akwalar Mama

Baba,

Na kama hanyar dutsen Hotham wasan zamiya a ƙanƙara, kuma da motar marigayiya Mama na tafi. Makullin a-kori-kurar Yaya Darcy na kan firji, na gode.

Jiya da ya ce, "Malama mai digiri, wannan akwalar ko tudun ƙofar gida ba ta hawa," har da kai a dariya. Ka tuna bara. Dizal ɗin motar tasa ne ya daskare a saman dutse, muka yini muna karkarwa muna jiran janwe. Ta Mama fetur take sha, kuma duk tayoyinta suna ja.

Sarƙar taya ta hana santsi a ƙanƙara da ka ce ta fi ƙarfina, na yi ta ɗaurawa ina kwancewa cikin ruwan sama har yatsuna suka tsage. Yanzu ko ido a rufe zan ɗaura.

Ɗan gwangwan da ka kira zai zo ɗaukar motar Mama yau. Ka ba shi shayi, ka ba shi haƙuri. Motar da Mama ta koya mini tuƙi da ita ba ta zuwa bola. In ka matsa, biyo ni dutsen, amma ba da ta Darcy ba.

Tahlia