Sunan Malam Maiwada a Jikin Gilashi

Makarfi,
9 ga Nuwamba, 1996

Zuwa ga Yaya Rosaline,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma sanyin ƙasar Turawa bai takura muku ba. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zumuntar mata. An fara saran rake, amma wahalar man fetur ta sa motoci ba sa shigowa, ga shi nan zube a bakin hanya. Albashinmu na malaman makaranta kuwa, kin dai san hali.

Na ga saƙonki, inda kike tambaya ko faifan kwamfutar da kika aiko ya yi mini amfani, ko a ƙaro wani sabo. Yaya, kada ki ƙaro. Ba laifinki ba ne, amma bari ki ji abin da ya biyo baya.

Kin san binciken digirina na biyu a kan manoman rake ne. Tun farko a katuttuka nake rubuta kowane littafi da kowace hira, ina jerawa a kwalin takalmi. Da faifanki ya iso na yi ta wasi-wasi, in ci gaba da kwalina ko in koma wa na'ura. Sai Yunana ɗan Baffa, wanda ya buɗe shagon buga takardu a Zariya, ya yi mini dariya, wai ina tafiya da jaki ga mota a ƙofar gida. Ya nuna mini yadda abin ke jera sunayen marubuta da kansa, har da ɗan bayani a ƙarƙashin kowanne. Gaskiya ya burge ni. Na ɗauki kwalin sukutum na miƙa masa, ina ganin ai naka sai naka.

A cikin katuttukan akwai hirata da Malam Maiwada na Gubuchi, aminin marigayi Baba, wanda ya riƙe mana gona shekarar da Baba ya kwanta ciwo. Shi ya faɗa mini yadda takin zamanin da ake turo wa manoma ke ɓacewa a hanya, ya ɓullo a kasuwa. Kafin ya buɗe baki sai da ya ce amana ce, don ni 'yar Ilisha ce, kada sunansa ya hau takarda, ko ba komai zamanin masu kaki muke ciki. Shi ya sa na rubuta "wani dattijo" kawai. Yunana ya san da haka sarai, domin shi ya kai ni a babur ɗinsa, yana zaune a gefen tabarma aka yi maganar.

Ashe da ya zo shigarwa, na'urar tana son suna a gurbin marubuci, "wani dattijo" kuma bai yi masa kyau a ido ba. Sai ya cike gurbin da cikakken sunan Malam, har da unguwarsa. Bai tsaya nan ba, ya buga shafukan ya manna a gilashin shagonsa, wai talla, don ɗalibai su ga gwanintarsa. Sunan bawan Allah a sama, maganarsa a ƙasa, kowa ya zo wucewa ya karanta. Wani mai hannu a rabon takin ya gani. Aka zo har gona aka tafi da Malam, dattijo mai furfura, ya kwana a tsare, aka kuma soke sunansa daga masu samun taki.

Da na je wa Yunana, wallahi ko kunya bai ji ba. Wai na'ura ce ba ta karɓar gurbi fayau, wai kuma bincike ba suna ai tatsuniya ne. Na ce masa na'urar ce ta je Gubuchi ta sha furar mutumin? Ita ta nemo gam ta manna? Ban taɓa jin zafin cin amana irin wannan ba, Yaya. Da bare ne da na ce bai sani ba. Baffa da Mama suna ta cewa in yi haƙuri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To na ji, amma wanda aka zalunta ba a gidanmu yake ba, ban ga kuwa wanda ya tashi ya je ba shi haƙuri ba.

Ni na je. Malam ya tarbe ni kamar kullum, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Mama da ƙafarta. Na durƙusa zan yi bayani, ya ɗaga hannu ya ce ba komai, ƙaddara ce. Da na tambaye shi yadda zai yi da gona baɗi, sai ya yi murmushi ya ce ai shi tsufa ya kama shi, bai san komai ba a harkar noma. Mutumin da ya koya wa Baba dashen rake! Na gwammace da zagina ya yi.

Na karɓo kwalina, na cire babin hirar Malam gaba ɗaya, ko da malamin da ke duba aikina zai ce aikin ya rame. Roƙona ɗaya, ki rubuto wa Baffa, tunda yana jin maganarki, ya tasa Yunana gaba su je Gubuchi.

Ki gaishe da maigida, da Bernice da Philomena, ki ce su dage da karatu. Mama tana gaishe ku, haka ma Adama maƙwabciyarmu. Shi ma Malam ya ce in gaishe ki da kyau. Har ya ce in rubuta miki sunansa, sai kuma ya ce a'a, in ce kawai wani dattijo.

Taki ƙanwa,
Matta Ilisha